Cire fentin ɓarna daga jikin mota ba tare da sake fenti ba: sharhi kan aikin wani garaji a Damagaram

Mafi yawan masu mota a Damagaram, idan aka wayi gari wani ya fesa wa motarsu fenti da gangan, abu biyu ne ke zo musu a rai. Ko dai su ɗauki tsumma da dilwan, wanda ƴan'uwanmu na Kano ke kira tina, su hau gurza da kansu, ko kuma su kai motar wurin mai fenti ya kankare gefen gaba ɗaya ya fesa sabo. Hanya ta farko tana iya kashe fentin motar na asali kafin mutum ya ankara, ta biyu kuwa tana cin kuɗi mai yawa, sannan ta raba motar da fentin kamfani wanda babu garajin da zai iya maido da irinsa. Akwai hanya ta uku, wato a cire baƙon fentin a bar na asali a inda yake, kuma ita ce aka bi wajen gyara motata a wani ƙaramin garaji da ke gefen hanyar Tanut. Na gamsu da aikin ƙwarai, amma akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, waɗanda ya kamata duk mai niyyar zuwa ya san da su tun daga gida.

Motar Toyota Corolla ce mai launin azurfa, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai bayan an yi amfani da su. Ta kwana a ƙofar gida a unguwar Sabon Gari, kamar yadda motocin mutane da dama ke kwana saboda rashin fili a cikin gida, sai wani ya bi gefen dama da jan fentin feshi na gwangwani, ya ja layi mai kauri tun daga fitilar gaba, ya ratsa ƙofofi biyu, har ya kai saman tayar baya. Fentin ya hau gilashin ƙofar gaba da baƙar robar da ke bakinsa, kuma a ƙofar baya akwai karce guda da aka yi da ƙusa ko makulli. Duk wanda ya ga motar da safiyar nan ya yanke hukuncin cewa sai an sake fenti, har da wani mai fenti da na fara nuna wa hotonta a waya.

Abin da ya fara jan hankalina a wannan garaji shi ne maigidan bai yi maganar kuɗi ba, bai kuma taɓa motar ba, sai da ya yi mini tambayoyi. Dattijo ne mai ƙarancin magana, kuma da ganin hannunsa an san ya daɗe a cikin sana'ar. Ya ce: “Malam, yaushe aka yi wannan ɓarna? Ta sha rana bayan haka? An shafa mata wani abu a gida?” Da na shaida masa cewa daren jiya ne, kuma ba a taɓa ta da komai ba, sai ya ce a shigar da ita ƙarƙashin rumfa nan take, ya ƙara da cewa: “To, alhamdu lillahi, ka rage mana rabin aiki.” Waɗannan tambayoyi uku su ne ginshiƙin aikin duka, kuma dalilinsu yana cikin yadda fentin mota yake.

Fentin da kamfani ke yi wa mota hawa-hawa ne. A jikin ƙarfe akwai shimfiɗar da ke hana tsatsa, a kanta akwai fentin ƙasa mai riƙe launi, sai launin kansa, sannan daga sama rufin sheƙi marar launi wanda shi ne ke ƙyalli, shi ne kuma ke ɗauke da sinadarin da ke kare launin daga zafin rana. Kaurinsu duka a haɗe yawanci tsakanin maikron 100 ne zuwa 150, maikron kuwa kashi 1 ne cikin 1000 na milimita, kuma rabon rufin sheƙi a ciki bai cika wuce maikron 50 ba, abin da bai kai kaurin silin gashin kai ba. A kamfani ana gasa wannan fenti a cikin tanda mai zafin kimanin digiri 140, tun kafin a ɗaura wa motar inji da kujeru da wayoyi, kuma gashin ne ke sa ƙwayoyin fentin su sarƙe da juna su yi taurin da ruwan sinadari marar ƙarfi ba ya narkar da shi da sauri. Fentin gwangwani ba haka yake ba, domin farkon bushewarsa tashin ruwan sinadarin da ke cikinsa ne, don haka idan aka kawo masa irin wannan ruwan tun yana sabo sai ya sake narkewa. Tsakanin ƙarfin da ke narkar da fentin gwangwani da ƙarfin da ke cutar da fentin kamfani akwai tazara, kuma gwanintar mai wannan aiki ita ce ya tsaya a cikin tazarar. Kwanaki da zafin rana suna ƙara wa baƙon fentin tauri, suna rage tazarar, shi ya sa ya tambayi lokaci, shi ya sa kuma ya gaggauta kai motar inuwa.

Matakin farko wanki ne, kuma an yi shi da ruwa mai yawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da ke zaune a kan dutse, wanda ake janyo masa ruwa daga Gogo da Machaya da Arunguza da Ganaram, kuma kowa ya san yadda famfo ke yi da bazara. Garajin daga ƴan ga-ruwa yake saye, amma duk da haka maigidan bai yarda yaransa su yi tsumulmular ruwa ba, domin ƙurar garinmu yashi ce, kuma ƙwayar yashi ɗaya idan ta maƙale a tsumma za ta bar zane a duk inda tsumman ya bi. Sai da aka zuba ruwa ya kwashe ƙurar, sannan aka sa sabulu da soso mai laushi, daga sama zuwa ƙasa. Wankin kaɗai ya ɗauke ɗan abin da ya fantsama a wuraren da feshin bai kama sosai ba.

Bayan motar ta bushe sai ya yi abin da ya sa na san na zo wurin da ya dace. Ya zagaya ta a hankali yana kallon jikinta ta gefe, inda haske ke kwanciya a kan fenti, ya buɗe ƙofofi yana bin bakinsu da yatsa. A ƙofar baya ya tsaya, ya kira ni ya nuna mini wani siririn layi a cikin lungun ƙofar, inda sabon fenti ya tsaya a bakin takardar da aka taɓa liƙawa, ya kuma nuna mini yadda fuskar ƙofar take da ɗan gurje-gurje idan aka kwatanta da ta gaba. Ya ɗauko ƙaramin maganaɗisu a nannaɗe da ƙyalle ya bi ƙasan ƙofar da shi, a wani wuri ya kama sosai, a wani wuri ya yi sako-sako, alamar akwai mastik a ƙarƙashi, wato abin da masu fenti ke cike lotsawar ƙarfe da shi. Ya ce: “Malam, wannan ƙofa an taɓa yi mata aiki tun kafin ta zo hannunka. Fentinta ba na kamfani ba ne, saboda haka abin da ƙofar gaba za ta jure wannan ba lallai ta jure shi ba.” Gaskiyarsa ce, domin fentin da aka yi a garaji iska ce ke busar da shi, ba tanda ba, kuma idan irin wanda ba a haɗa shi da sinadarin tauri ba ne, dilwan yana narkar da shi kamar yadda yake narkar da na gwangwani. Da an bi gefen motar duka da abu ɗaya, da ƙofar baya ta tashi tare da jan layin.

Daga nan ya shiga gwaji. Ya nannaɗa auduga a kan tsinke, ya jiƙa ta da kananzir, ya shafa a wani ɓoyayyen wuri a cikin bakin kowace ƙofa, ya ɗan jira, ya goge, ya duba audugar ko ta ɗauko launin azurfa, ya kuma danna wurin da farce ko ya yi laushi. Haka ya yi da barasar goge-goge irin ta asibiti, haka da fetur, haka da asiton, wato sinadarin da ke cikin ruwan goge jan farce. Ƙofar gaba ba ta nuna komai ba ko da asiton, ta baya kuwa da asiton ya taɓa ta sai wurin ya dushe ya ɗan yi danƙo. Da wannan ya tsara aikinsa: a ƙofar gaba da sauran fentin kamfani zai fara da mafi sauƙi ya hau sama idan ya ƙi, a ƙofar baya kuwa ba zai wuce kananzir da barasa ba, komai daɗewar da aikin zai yi.

Yadda yake goge fentin ya cancanci a bayyana shi, domin a nan ne mutane ke ɓata motocinsu. Ba ya zuba sinadari a jikin mota, a ƙyalle yake zubawa. Yana ɗaukar wuri kamar faɗin tafin hannu, ya ɗora jiƙaƙƙen ƙyallen na ɗan lokaci har jan ya yi laushi, sannan ya share ta gefe ɗaya ya ɗaga hannu, ya ninke ƙyallen ya fito da fuska mai tsabta kafin ya sake sharewa. Ba ya murzawa da ƙarfi, ba ya kai da komo, domin yin haka yana shimfiɗa narkakken jan ne a kan wurin da ba shi da laifi. Yaro ɗaya yana tsaye a bayansa da bokitin ruwan sabulu, da zarar an gama wuri sai ya wanke shi, don kada sinadarin ya zauna a kan rufin sheƙi. Tarin ƙyallayen da suka rine da ja a gefensa ya nuna mini inda wani ɓangare na kuɗin aikin yake tafiya. A ƙofar gaba kananzir ya ɗauke mafi yawa, inda fentin ya yi kauri har ya zuba ya yi amfani da asiton, shafa ɗaya da sauri a bi da ruwa. Ƙofar baya ita ta cinye lokaci, kuma shi da kansa ya yi ta, bai ba yaro ba.

Bai yarda ya ci gaba da aikin sinadari da tsakar rana ba, ko da yake motar tana ƙarƙashin rumfa. Da farko na ɗauka jan aiki ne, amma hujjarsa mai ƙarfi ce. Asiton yana tafasa a digiri 56, kuma a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Damagaram ke haura digiri 40 a inuwa, ƙarfen mota da ya sha rana yana iya wuce wannan. A kan ƙarfe mai zafi sinadarin yana tashi kafin ya yi aikinsa, ya bar jan ya sake bushewa a shimfiɗe, sannan rufin sheƙi mai zafi ya fi saurin cutuwa. Saboda haka da sanyin safiya yake aikin, sai kuma bayan la'asar, kuma kafin ya fara sai ya ɗora bayan hannunsa a jikin motar ya ji.

Gilashi bai ba da wahala ba: ruwan sabulu da sabuwar reza a kwance, fentin ya tashi salin alin. Fitilar gaba ita ce ya yi taka-tsantsan da ita, domin murfin fitilun motocin zamani ba gilashi ba ne, roba ce mai tauri da aka lulluɓe da siririn rufi mai kare ta daga rana, kuma asiton ko dilwan yana sa ta yi hazo ko ta tsattsage, abin da ke da wuyar gyaruwa. Da man gogewa da haƙuri ya cire jan da ke kanta. Baƙar robar bakin gilashi kuwa ita ce ta gagara, saboda tana da ƙananan ramuka da suka sha fentin. Ya bi ta da burushin haƙori da barasa har ya fitar da mafi yawa, amma idan aka matso kusa a cikin rana ana ganin ɗan ja-ja a cikinta. Ya faɗa mini haka tun kafin ya fara, ya ce maganinta kawai a canza ta, kuma ya ƙi shafa mata baƙin fenti don ya ɓoye, domin a cewarsa zai ɓare bayan ƴan watanni ya fi yanzu muni.

Da jan layin ya ɓace na ɗauka an gama, sai ya sa na zura hannuna a cikin siririyar leda na shafa ƙofar gaba. Ta cikin ledar na ji kaushi a wurin da ido yake ganin santsi. Ƙananan ɗigon feshin ne da iska ta watsa nesa da layin, har kan rufin motar da murfin inji. Ya fito da wani abu mai danƙo da ake kira yumɓun goge mota, wanda ya ce daga Kano ake kawo masa, ya murza shi a hannu ya baje, ya fesa ruwan sabulu a jikin motar, ya riƙa zamar da shi a kai ba tare da dannawa ba. Da farko ana jin ƙarar kamawarsa, can sai ƙarar ta ɗauke, ya juya yumɓun ya nuna mini jajayen ɗigo a jikinsa, ya ninke shi ya ci gaba. Wani yanki ya suɓuce wa yaronsa ya faɗi ƙasa, nan take ya ce a jefar da shi, domin ya riga ya ɗauki yashi. Na san abin ba arha ne da shi ba, kuma wannan ya ƙara wa maigidan daraja a idona.

Karcen ƙofar baya wani al'amari ne dabam, domin ba abu ne da aka ɗora ba, abu ne da aka cire. Ya ja farcensa a kai: inda farce ya wuce bai tsaya ba, karcen yana cikin rufin sheƙi ne kawai, kuma ya shafe shi da jiƙaƙƙiyar samfefa mai lamba 2000 sannan mai lamba 3000, a ɗan ƙaramin wuri. Inda farce ya maƙale kuwa, kusan tsawon yatsa, karcen ya kai fentin ƙasa, kuma ya ce ba zai bi shi da samfefa ba, domin kafin ya kai gindinsa ya cinye rufin da ke kewaye da shi. Ya duba lambar launi a jikin takardar kamfani da ke liƙe a motar, inda Toyota ke rubuta C/TR sannan lamba mai harafi uku, irin su 040 na fari ko 202 na baƙi ko 1F7 na azurfa, ya haɗa ɗan fenti ya cike ramin da siririn burushi. Wurin yana nan ga wanda ya san inda zai duba, domin launin azurfa yana da ƙananan ƙwayoyin alminiyam da ba sa kwanciya da burushi yadda suke kwanciya da feshi, amma an rufe ƙarfen daga tsatsa, kuma daga taku biyu ba a ganin komai.

A lokacin da nake zuwa duba aikin akwai wata mota baƙa a garajin wadda ita ma an yi mata irin wannan ɓarna, sai dai mai ita ya riga ya bi ta da dilwan da soson ƙarfe na wanke tukunya. Baƙon fentin ya fita, amma ya tafi da rufin sheƙi, wurin ya zama toka-toka mai zane, kuma babu abin da ya rage sai sabon fenti. Maigidan ya ce ya sha ganin waɗanda aka ba shawarar su shafa man birki, alhali man birki irin DOT 3 da DOT 4 yana cin fentin mota har ya kumbura ya ɓare. Ya kuma ce mafi wuyar abin da ake kawo masa shi ne fentin mai irin na ƙofofin gida idan ya yi makonni, domin shi iska ce ke ƙara masa tauri kullum, kuma idan ya gama kamawa kananzir ba ya yi masa komai. Fentin ruwa na bango shi ne mafi sauƙi, sau da yawa ruwan ɗumi da sabulu sun ishe shi idan ba a bar shi ya daɗe ba.

Inda na samu matsala da aikin shi ne wajen gogewar ƙarshe. An bi gefen da injin gogewa da man gogewa don a maido da sheƙi, kuma a ƙarƙashin rumfa motar ta yi kyau matuƙa, amma da aka fito da ita rana sai ga zane-zane masu kewaye a ƙofar gaba, irin waɗanda inji mai juyawa ke bari idan soson ya yi datti ko aka tsaya a man gogewa mai kaushi. Wani yaro ne ya yi wannan ɓangaren. Da na nuna wa maigidan bai yi musu ba, ya ce: “Ka yi haƙuri, Malam, ka bar mini ita, wannan ba aikin da zan sallama ba ne.” Ya sake bin wurin da kansa da soso mai laushi da mai marar kaushi, bai ƙara ko dala ba, kuma zanen ya fita. Duk da haka, kowace gogewa tana rage kaurin rufin sheƙi, kuma abin da aka rage ba ya dawowa, saboda haka gogewa ta biyu da ba ta zama dole ba hasara ce ga motar ko da ido bai gani ba. Garajin ba shi da na'urar auna kaurin fenti, ƙaramar aba ce da ake ɗorawa a jikin mota ta nuna maikron nawa ne a wurin, kuma a ganina mai aiki irin wannan ya kamata ya mallake ta, domin ido da farce, komai ƙwarewarsu, ƙiyasi suke yi.

Wurin kansa ma yana da nasa rauni. Rumfa ce ta kwano a buɗe ta gefe uku, a bakin hanyar da manyan motoci ke bi, har da tankokin da ke zirga-zirga zuwa matatar mai ta SORAZ da ke arewa da gari. Duk iskar da ta taso sai ta kawo ƙura, yaran kuma su sake share motar kafin a ci gaba. Da hunturu, lokacin da hazo ke rufe gari, ina ganin aikin gogewa a wurin zai yi wuya ƙwarai. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne lafiyar yaran. Suna aiki da asiton da fetur da dilwan babu safar hannu, babu abin rufe hanci, alhali tururin waɗannan abubuwa yana sa ciwon kai da jiri, yawan shaƙarsa kuma yana cutar da jiki a hankali. Ƙyallayen da suka sha sinadari ana tara su ne a fili, ba nisa da inda maƙwabcinsu ke walda, kuma duk waɗannan abubuwa tartsatsi ɗaya ya ishe su kamawa da wuta. Na yi wa maigidan magana a kan haka cikin ladabi, ya karɓa, ya sa aka kwashe ƙyallayen aka zuba a cikin durom mai murfi, amma batun safar hannu da abin rufe hanci har na karɓi motata ban ga an canza ba.

Game da kuɗi, na biya jaka 30 na CFA, da wanki da cike karce da shafa kakin kariya a ƙarshe. Mai fentin da na fara nuna wa hoto ya nemi abin da ya haura jaka 100 don sake fentin gefen, kuma da an yi haka da launin ƙofofin dama ya bambanta da na sauran motar, domin azurfa tana cikin launukan da suka fi wuyar daidaitawa, sannan duk dillalin da ya san aikinsa zai gane an taɓa ta ya rage mata kuɗi. Farashin ya yi daidai da wahalar da na gani da idona. Abin da ban so ba shi ne rashin faɗinsa tun farko. Maigidan ya ce sai ya yi gwaji zai san nauyin aikin, wannan kuwa magana ce mai hujja, amma bayan gwajin ma sai da na matsa kafin ya yanke, kuma babu wata takarda da aka rubuta. Ranar da ya ce in zo in ɗauka ma ta goce, saboda ƙofar baya da kuma ɗaukewar wutar lantarki da ta tsayar da injin gogewa, kuma ba a kira ni an sanar da ni ba sai da na iso. Wanda motarsa ita ce abin neman abincinsa ya kamata ya yi wannan magana dalla-dalla tun ranar farko.

Kafin a taɓa motar yana da kyau a ɗauki hotonta ta kowane gefe, a kuma kai ƙara ofishin ƴan sanda, domin da zarar an cire fentin shaida ta tafi. Amma kada mutum ya sa rai da yawa ga inshora idan irin ta dole ce kawai yake da ita. A ƙarƙashin dokar inshora ta CIMA, ƙungiyar da ke tsara harkar inshora a wasu ƙasashen Afirka, wadda Nijar take cikin ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyarta a Yawunde a 1992, inshorar dole tana biyan ɓarnar da motarka ta yi wa wani ne, ba wadda aka yi wa motarka ba. Wanda ya sayi cikakkiyar inshora sai ya karanta takardarsa ya ga ko ɓarnar ganganci tana ciki, kuma kamfanin zai so ganin takardar ƴan sanda da motar kanta kafin a gyara. Idan haka ta sa aka jinkirta, sai a ajiye motar a inuwa, kada a lulluɓe ta da tamfol alhali fentin bai gama bushewa ba.

Wannan garaji ya dace da wanda ɓarnar motarsa fenti ce da aka ɗora a kan lafiyayyen fenti, musamman idan an kawo ta da wuri ba a shafa mata komai ba. Bai dace da wanda rufin sheƙin motarsa ya riga ya ƙone da rana yana ɓarewa ba, kamar yadda ake gani a rufi da murfin injin tsofaffin motoci da yawa a garin nan, domin a irin wannan wuri baƙon fentin yana shiga cikin launin ne kai tsaye, kuma maigidan da kansa ya ce yana mayar da irin waɗannan wurin mai fenti. Da zan tafi ya ce in jinkirta wanke wurin da ya cike na kimanin mako guda, in kuma daina barin masu wanki suna amfani da garin sabulun wanki a jikinta, domin yana cire kakin da aka shafa. Robar bakin gilashin kuwa ya ce in nemi ta irin motar a wurin masu sayar da kayan tsofaffin motoci, idan na samo zai ɗaura mini ita ba tare da kuɗin aiki ba.